Amsa ga 'yar uwar da ta yi tambaya kan ketamin da ciwon damuwa

Assalamu alaikum 'yar uwa. Na karanta bayaninki cewa ƙanenki ya shekara uku yana fama da ciwon damuwa, an canza masa magani sau biyu ba sauƙi, har wani ya ba ku shawarar ku samo allurar ketamin ku yi masa a gida. Allah ya ba shi lafiya. Ni an yi min wannan magani a nan Amurka, shi ya sa na kasa yin shiru.

Don girman Allah kada ku yi masa a gida.

Ketamin tsohon magani ne, tun 1970 ake sa mutane barci da shi a ɗakin tiyata, har gobe kuma ana yi a asibitocinmu. A shekarar 2000 masu bincike a Jami'ar Yale suka nuna cewa ɗan kaɗan daga cikinsa kan sassauta damuwa cikin sa'o'i, alhali ƙwayoyin da aka saba bayarwa sai an yi makonni kafin a ga aikinsu. A 2019 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka (FDA) ta amince da Spravato, wani nau'in ketamin da ake fesawa a hanci, ga wanda ya gwada magani biyu bai dace ba. Shi ma a asibiti ake fesawa, a tsare mutum awa biyu ana duba shi.

Ni ta jijiya aka sa min, minti 40, sau shida cikin mako uku. Ji nake kamar jikina na kan kujera ni kuma ina can nesa ina kallonsa. A zama na biyu na tsorata ƙwarai, sai salati nake, jinina ya hau, nas tana gefe tana aunawa. Ki yi tunanin wannan hali a ɗakin gida ba mai aunawa. Washegari kuwa na tashi sallar asuba ba tare da na ja jiki ba, abin da na daɗe ban gani ba.

Sai dai sauƙin ba ya zama da kansa, allura ɗaya ba ta cika wuce mako guda tana aiki ba. Abin da ya riƙe ni shi ne zaman da nake yi da likitar halayya kwana ɗaya bayan kowace allura. A nan na iya buɗe baki na yi maganar rasuwar mahaifina, da yadda ban samu jana'izarsa ba, abin da na shekara biyar ina haɗiyewa. Kafin allurar ko sunansa aka ambata sai in tashi in bar wurin. A ganina, duk wurin da zai ɗaura wa mutum ruwa ya karɓi kuɗi ya sallame shi ba tare da wannan zama ba, rabin aiki ya yi.

Kuma ba kowa ake ba wa ba. Mai hawan jinin da bai daidaita ba, mai ciki, mai jin muryoyi ko gane-gane, duk ana kauce musu. Yawan amfani da shi na lalata mafitsara, yana kuma kama mutum. Shi ne sanadin mutuwar ɗan wasan kwaikwayon Amurka Matthew Perry a 2023.

Ku koma wurin likitan ƙwaƙwalwa, ko a asibitin Dawanau a Kano, ko na Barnawa a Kaduna, ko na Kware a Sakkwato, duk wanda ya fi kusa da ku, da sunayen magungunan da ya sha da tsawon lokacin kowanne. In kuma ya fara zancen gara ya mutu, kada ku jira ranar ganin likita, kada a bar shi shi kaɗai, ku kai shi a ranar.