Caca ta cinye mini jari, saura sefa 200,000: in fanshe da su ko in koma kasuwa?

Wani ɗan kasuwa mai sayar da kayan masarufi a Garwa ta ƙasar Kamaru ya aiko da tambaya. Ya ce jarinsa ya kai sefa 1,000,000, amma wasan karta na poka da yake bugawa a waya ya cinye shi, har abin da ya rage bai wuce 200,000 ba. Abokan wasansa sun ce ya sauko teburin ƙananan kuɗi ya riƙa tattarawa a hankali, shi ne yake tambaya ko ya bi shawararsu, ko ya ci bashi ya cike shago.

Ɗan'uwa, Allah Ya mayar maka da alheri. Amsata ita ce kada ka mayar da ko dala ɗaya teburin nan, kuma kada ka ci bashin kuɗi yanzu. Hukuncin caca ka san shi, yana nan a Suratul Ma'ida, aya ta 90 da ta 91, don haka zan tsaya a kan lissafi, tunda ta nan abokanka suka ɓullo maka.

Shawarar da suka ba ka tana da asali. Waɗanda suka mayar da poka sana'a suna da ƙa'idar cewa mutum ya riƙe aƙalla ninki 20 zuwa 30 na kuɗin da yake zama da su a teburi, idan kuma aljihunsa ya yi ƙasa ya sauka zuwa ƙaramin wasa. Sai dai an gina ƙa'idar a kan sharuɗɗa biyu da ba ka cika ba: cewa mai wasan ya fi abokan karawarsa iyawa a tsawon lokaci, kuma kuɗin da yake wasa da su ba na cefane ba ne, ba na shago ba. Wanda ya rasa kashi 80 cikin 100 na dukiyarsa ba shi da hujjar ɗaukar kansa gwani. Ga kuma la'adar da masu gidan wasan suke cirewa daga kuɗin da aka tara a kusan kowane zagaye, galibi kusan kashi 5 cikin 100, wadda take sa ko da ƙarfinku ya zo ɗaya, kuɗin teburin suna ta raguwa ne zuwa aljihun mai gida. Sauka zuwa ƙaramin teburi zai jinkirta ƙarewar kuɗinka kawai, ba zai juya akalar lissafin ba. Abin da ya fi ba ni tsoro ma shi ne mai neman fansa ba ya daɗewa a ƙaramin teburi, domin cin sefa 3,000 ba ya kwantar da zuciyar da take ƙirga 800,000.

Kafin 200,000 su koma miliyan sai sun ninka sau 5. Idan kana samun tsabar riba ta kashi 10 cikin 100 a wata, kana mayar da ita duka cikin jari, za ka kai wurin a cikin wata 17. Na san iyali za su ci daga ciki, saboda haka ka sa rai da shekara biyu ko fiye. Sannu ba ta hana zuwa. Wannan ragowar iri ce, kuma manomin da ya dafa irinsa ba shi da abin shukawa ko da damina ta yi kyau.

Ka fara da raba kuɗin da hannunka. Ka goge manhajar wasan, ka kwashe abin da yake cikin asusun MTN Mobile Money ko Orange Money, domin sauƙin turawa da tsakar dare shi ne ƙofar da kuɗin suka bi suka fita. Ka faɗa wa mutum ɗaya mai amana gaskiyar abin da ya faru, yayanka ko uwargidanka, ka bar cinikin kowace rana ya kwana a wurinsa. Da kunya, amma ɓoyewa ita take ciyar da wannan ciwo.

Sannan ka zuba kuɗin a kayan da suke fita kullum: sukari, shinkafa, sabulu, man girki, ashana. Ribarsu kaɗan ce, amma jarin da yake juyawa sau uku ko huɗu a wata ya fi wanda yake kwance yana jiran babbar riba. Za a zo maka da zancen sayen albasar Marwa lokacin da take araha a ajiye har ta yi tsada da damina. Sana'a ce ta gaske, amma ta mai jarin da zai jure ruɓewa da asarar nauyi ce, kuma a halin da kake ciki zuba komai a kaya ɗaya wata cacar ce. Kada wani kaya guda ya ɗauki fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na abin da kake da shi.

Game da bashi, ka nisanci masu bayarwa da kuɗin ruwa, kuma kada ka nemi kwasar farko a adashe, domin dunƙulen kuɗi a hannunka a wannan lokaci haɗari ne. Bashin da zan yarda maka da shi na kaya ne: ka je wurin babban ɗan kasuwar da ka saba saro kaya a hannunsa, ka karɓi buhu biyu ko uku, ka biya kafin ranar alkawari, ka sake karɓa. Idan akwai waɗanda suke bin ka, ka same su tun kafin su neme ka, ku yanka abin da za ka riƙa biya duk mako, ka rubuta shi a littafin da kake rubuta ciniki, mai riƙe maka kuɗi yana dubawa duk Juma'a.