Firam ɗin ƙarfe ko na alminiyam? Zauna ka ji, yaro

Kai yaro, wai wanne ya fi tsakanin keken ƙarfe da na alminiyam? Ku 'yan yanzu da kun ɗaga keke kun ji shi sakayau, shi ke nan ya tafi da imaninku. Gaskiya ne, alminiyam nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfe ne, kuma ba ya tsatsa. Sai dai bai kai ƙarfe ƙwari ba, shi ya sa ake yi masa bututu masu kauri don ya samu ƙwari. Yadda ake bambance su kuwa, ɗauki maganaɗisun tsohuwar lasifika ka manna: in ya kama ƙarfe ne, in bai kama ba alminiyam ne.

Tambayarka ta tayar mini da tsohon miki. Wani mutum ya taɓa kawo mini keken alminiyam, irin na gwanjo da ke zuwa daga Kwatano, ya ce ya ɗan karkace ta wajen wuya, in miƙe masa. An manna wata takarda mai ƙyalƙyali daidai wurin. Na ɗaure shi, na ja kamar yadda nake jan kekunan ƙarfe irin su Raleigh da Phoenix tun kafin a haife ka. Sai ƙas! Bututun ya rabu biyu. Nan take ya tara mini jama'a, wai na karya masa dukiya, har da rantsuwa. Jaka 35 na biya, kuɗin hatsin gidana, kuma ana cikin damina. Bayan ya tafi na duba bakin karayar: rabi ya yi baƙi da tsohuwar ƙura, rabi fari tas. Tsagin ya daɗe, ya sani, ya rufe shi ya zo neman wanda zai ɗora wa. Wallahi har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Halin alminiyam ke nan. Yana gajiya a hankali, ya tsage, kuma ba ya son a lanƙwasa shi a mayar. Waldarsa sai injin gas ɗin argon, bayan haka ma sai an sake gasa firam ɗin kafin ƙwarinsa ya dawo. Ƙarfe kuwa lanƙwasa yake kafin ya karye, kowane mai walda a Maraɗi zai ɗinke shi, gobe mai shi ya ɗora buhun gero ya nufi Tibiri ko Jiratawa. Tsatsa ce babbar abokiyar gabarsa, fenti da mai sun ishe ta.

In an kawo na alminiyam, ɓare kowace takarda a gaban mai shi, ka duba wuya da gindin feda, sannan ka kira ni kafin ka taɓa.