Mesarka na fama da bushewar hunturu ne

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce 'yar mesarka ta yi saɓa amma fatar ta fita guntu-guntu, har wata ta maƙale mata a ido. Bushewar iska ce. Irin wannan mesa mai dunƙulewa tana son laima kashi 50 zuwa 60 cikin 100, lokacin saɓa kuma har 70. A nan Katsina kuwa, hunturu ko leɓen mutum bai bari ba.

Fara sayen na'urar auna laima, kar ka yi kirdado. Idan murfin akwatin raga ne, rufe fiye da rabinsa, don ta nan laimar ke gudu. Ni da kaskon ƙasa mai faɗi nake sa wa tawa ruwa, a ɓangaren akwatin da ya fi ɗumi. Na kuma huda gefen wata roba mai murfi, na cusa jiƙaƙƙen gashin kwakwa da na matse. Idonta na yin fari-fari, alamar saɓa ta kusa, can cikin robar take wuni.

Amma kar ka jiƙe shimfiɗar sharkaf, cikinta zai yi gyambo. Fatar idon nan kuma kar ka ɓamɓare da farce. In ta ƙi fita a saɓa ta gaba, kai ta wajen likitan dabbobi.