Tuwo ne ke gudun fanfalaki, ba tsire ba

Ka aiko kana cewa yaranka za su Legas gudun fanfalaki a watan Fabarairu, me za ka ciyar da su a makon ƙarshe, kuma ko ka ƙara musu nama da ƙwai, ka sayo musu garin nan na gwangwani da ake cewa yana gina jiki. Da wata tambayar ce da na ce ka bari sai mun haɗu a fili. Amma ka taɓo mini tsohon miki, don haka buɗe kunnenka, yaro.

Ba zan tsaya koya maka ɗumama jiki ko yadda ake zaɓen takalmi ba. Wanda bai san wannan ba ya je ya nemi wata sana'ar.

Na taɓa samun wani yaro daga ƙauyukan Pankshin. Tun da nake wannan aiki ban ga mai numfashi irin nasa ba. A gidana yake kwana, uwargida ke tuƙa masa tuwo, ni ke tashinsa da asuba a cikin sanyin Jos lokacin da ko kare bai fito ba. Shekaru na yi ina gina shi, sisin kowa bai shiga ciki ba. Da ya fara cin ƙananan gasanni sai ga wani attajiri, irin masu son ganin hotonsu a jarida, wai zai ɗauki nauyinmu zuwa wata babbar gasa a kudu: kuɗin mota, masauki, sannan in an dawo ya biya ni ladan horarwa. A gaban mutane aka yi maganar, har da shafa Fatiha.

Ranar jajibere na sa aka dafa wa yaron farar shinkafa da miyar tumatir mara yaji, ya ci kafin magariba, na ce ya kwanta. Fitata ke nan neman ayaba, Alhaji ya turo direba ya ɗauke shi, wai ya zo abokai su ga dokinsa. Can aka jere masa farfesun kayan ciki, da tsire ya sha ƙuli da barkono, da soyayyar kaza, aka ɗora masa da lemon gwangwanin nan mai sa kuzari har biyu. Ɗan ƙauye ne mai kunya. Babba ya miƙo maka abu da hannunsa, ka ce ba ka ci? Sai tsakar dare suka maido mini shi, ido a bushe, ciki tim. Yadda ya ga rana haka ya ga dare.

Da safe aka tashi, kuma wallahi har rabin hanya yana cikin na gaba, kafaɗa da kafaɗa da baƙi. Ina bin su a kan babur ta wata hanya ina leƙowa. Da na hango shi ya dafe gefen ciki na san an gama. Ya ratse gefen titi ya tsuguna, ya taso ya ci gaba, ya sake ratsewa. Abin da ya rage na ruwa a jikinsa zawo ya kwashe. Bai kai kilomita 30 ba ƙafa ta ƙi, motar asibiti ce ta kawo shi. Ka san abin da Alhaji ya ce? Wai ban iya horarwa ba, na kawo masa rago. Ko kwabo bai ba ni ba. Kuɗin motar dawowa ma a wurin wani mahauci ɗan garinmu na ranta a unguwar Hausawa. Bayan nan ya zagaya ta bayan gida ya hure wa yaron kunne, ya miƙa shi ga wani mai horarwa da ke cewa to ga duk abin da aka faɗa. Yanzu yaron nan acaɓa yake yi. In muka haɗu a titi kau da kai yake, ni kuwa ba shi nake riƙe da shi ba. Na bar wancan da Allah, kuma ban yafe ba.

To ga abin da attajirin bai sani ba, kai ma da alama ba ka sani ba. Jiki na ajiye sukari a tsoka da hanta, masana na ce masa gilaikojin, kuma daga abinci mai sitaci yake samuwa. Wannan ajiya ba ta wuce gudun awa ɗaya da rabi zuwa biyu in ana gudu na gaske. Tseren kuwa kilomita 42.195 ne. Shi ya sa za ka ga ƙato ya zo wajen kilomita 30 ya koma tafiyar hawainiya: tanki ne ya ƙone. Nama da mai ba su cika wannan tanki, zama suke yi a ciki suna jiran narkewa, ga shi da an fara gudu jini barin hanji yake ya koma ƙafafu. Abin da bai narke ba dole ya nemi hanyar fita, ko ta sama ko ta ƙasa.

Saboda haka kwana biyu kafin gasa, sitaci za ka ɗura musu, wajen giram 8 zuwa 10 a kan kowane kilo na nauyin jiki a rana. Yaro mai kilo 55 ke nan yana neman kusan rabin kilo na zallar sitaci da sukari, ba nauyin kwanon abincin ba. Shinkafa, taliya, doya, burodi, acca, ga dankalin turawa da Allah ya huwace mana a Filato. A rarraba a yini, ba a zauna a cinye tashi ɗaya ba. Wake, kabeji, ganye mai yawa, yaji da soye-soye duk a jingine su sai an dawo. Ranar gasa, awa uku kafin tashi, koko ko shayi da burodi da zuma da ayaba. Ban da ƙosai. Fura da nono ta jira bayan an gama, a nan take da amfani.

A kan hanya kuma ana so su riƙa samun giram 30 zuwa 60 na sukari duk awa. Ayaba matsakaiciya na ba da wajen 25, dabino na shiga aljihun wando. Amma duk abin da za su sa a baki ranar nan, sai wanda suka saba ci a dogon gudun atisaye. Hanji ma horar da shi ake yi. Shahararren ɗan tsere Eliud Kipchoge da ya gama gudun fanfalaki cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40 a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya a 2019, a kan keke ake bin sa ana miƙa masa abin sha, kuma ba ranar ya fara ɗanɗana shi ba. In ya koma gida Kenya me yake ci? Ugali, wato tuwon masararmu, da ganye, da shayi mai madara. Mutanen Habasha injera ce tasu, wata faffaɗar waina mai tsami ta garin hatsi. 'Yan Kenya da Habashan nan ne kuwa ke zuwa Legas suna kwashe kyauta tun da aka fara gasar a 2016.

Nama yana da wurinsa, amma a watannin atisaye, bayan an sha wahala, don tsoka ta gyaru. Hanta, ƙwai, zogale da alayyafo na taimakon jini, musamman ga yara mata. Kada su kora abincin da shayi, yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfen da ke ciki. Lemon zaƙi ya fi. Garin gwangwani kuwa riƙe kuɗinka. Ba ka san me aka zuba a ciki ba, kuma in aka gwada fitsari aka ga haramtaccen abu ba mai shago za a dakatar ba. Ka kuma sa ido a kan tiramadol, tun Janairun 2024 aka haramta shi a lokacin gasa, na san kuwa halin yaran yanzu. Kowa na neman gajeriyar hanya. Agogon dubban nairori a hannu, a yi kilomita biyar a tsaya ɗaukar hoto a sa a Facebook. Ka ce su yi gudu a hankali, wanda shi ne mafi yawan aikin, sai su mayar da shi tsere don a gani. Abebe Bikila na Habasha ba takalmi ya ci gudun fanfalaki a gasar Olamfik ta Rum a 1960, ku ga takalmi ga waya amma ba haƙuri.

Abin da ya fi ba ni tsoro game da yaranka shi ne zafi. Jos na kan tudun da ya haura mita 1,200 daga saman teku, iska sakayau. Legas gumi ne da ba ya bushewa. Ku sauka da wuri jiki ya saba. Su riƙa kurɓa kaɗan kaɗan a duk wurin ba da ruwa, da ɗan gishiri da sukari irin wanda ake haɗa wa mai zawo. Kwankwaɗar ruwa zalla fiye da kima shi ma yana kayar da mutum, don yana tsinka gishirin jini.

Dogon gudu na ƙarshe, kilomita 30 zuwa 35, a yi shi saura mako uku, daga nan a yi ta rage aiki. Ka kawo mini su Asabar bayan sallar asuba, kowa da dabinonsa, in ga wanda cikinsa ke ɗauka. In kuma akwai mai kuɗin da ke ɗaukar nauyinku, ya rubuta abin da zai biya ka a takarda tun kafin ku hau mota, sannan a masauki makullin ɗakin yaran a aljihunka zai kwana.