Filin Tambaya da Amsa: Kai yara kallon zanen dutse laifi ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, dan Allah a taimaka min da shawara. Ni malamar firamare ce a wani ƙauye kusa da Birnin Kudu, nayi niyyar in kai 'yan aji shida su ga zanen nan na jikin duwatsu kafin a bada hutu, har hedimasta ya yarda an yi maganar mota, sai wani dattijo cikin iyayen yara ya tashi a taro yace shi ɗansa ba zai je gurin maguzanci da aljanu ba, kallon gumaka ne kawai, yanzu sauran iyayen duk jikinsu yayi sanyi. Ni kuma bana son jayayya da babba. Ya zan yi?

AMSA: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya saka miki da alheri kan wannan niyya. Ni dai ra'ayina ki kai su, amma ki fara zuwa gidan dattijon nan ki durƙusa ki gaishe shi, kar ki amsa masa a gaban taro, don tsoron da yake ji na uba ne mai kishin addinin ɗansa, kuma yawanci masu irin wannan magana basu taɓa zuwa sun gani da idonsu ba.

Abin da ke jikin Dutsen Habude da Dutsen Mesa ba gunki bane, ba wani abu aka sassaƙa aka girke ana masa yanka ba, zanen shanu ne da jan launi a ƙarƙashin inuwar dutse inda ruwan sama baya dukansa sosai, shi yasa ma ya kai yau. Ki lura da kyau in kun je, shanun basu da tozo! Duk yaron da ya tashi a ƙauye ya san bunaji da rahaji da tozonsu, toh ki tambaye su ina tozon waɗannan, ki barsu suyi ta musu. Amsar ita ce kafin masu tozo su yaɗu a ƙasar nan akwai wani irin shanu marasa tozo, wasu da dogayen ƙaho wasu da gajeru, kinga kenan wanda yayi zanen makiyayi ne ko maƙwabcin makiyayi da ya zana abin da yake gani kullum, kuma tun da daɗewa ƙwarai. Wallahi wannan darasin kaɗai ya isa dalilin tafiyar, yaro ya gane cewa gurin da yake kiwon awakin gidansu wasu sun yi kiwo a nan tun kafin a san sunan garinsu.

Wajajen 1955 ne wani Bature masanin kayan tarihi, Bernard Fagg, wanda yayi aiki kan kayan yumɓun Nok, ya rubuta labarin gurin har duniya ta sani, yanzu kuma yana hannun hukumar gidajen tarihi ta ƙasa. Akwai kuma duwatsun kiɗa a nan, waɗanda in ka buga da ɗan dutse sai su bada amo kamar ƙarfe, za ki ga ramukan da hannun mutane ya yi musu saboda yawan bugu. Nan yaran za su fi so, na tabbata sai kin janye su da ƙyar.

Ta ɓangaren addini kuwa ni ba mai bada fatawa bane, ki roƙi limamin garinku ya yi wa iyayen bayani. Sai dai abin da kowa ya sani ne cewa Alƙur'ani a gurare da yawa yace a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda ƙarshen na farko ya kasance. In dattijon ya kawo hadisin Hijir, garin Samudawa, inda Annabi (SAW) a hanyar Tabuka ya hana sahabbai shiga sai suna masu kuka, ki ce masa gaskiya ne hadisin ya inganta, amma can gurin da azaba ta sauka ne kan mutanen da aka ambace su da suna, ba kowane kufai ne hukuncinsa ɗaya da shi ba. Abin da za a kiyaye shine neman tabarruki, ko shafa dutse don biyan buƙata, ko ɗebo ƙasar gurin a kai gida, wannan kam babu shi. Ki gayyaci dattijon ya bi ku a matsayin uban tafiya, a bashi gaban mota.

Sannan dan Allah ki ja musu kunne tun daga makaranta, ba taɓa zanen, ba watsa masa ruwa wai don ya fito a hoto, ba rubuta suna da gawayi ko alli. Abin yana min ciwo in naga yadda samari ke cika duwatsunmu da sunayensu da lambar waya a kan abin da ya fi kakannin kakanninsu shekaru, in ya goge shikenan babu mai dawo da shi. Ku nemi ma'aikacin gurin ya zagaya da ku, ku tafi da sassafe kafin dutse ya ɗau zafi.

TAMBAYA: Baffa ina yini. Ni ɗan sakandare ne daga yankin Kura, Allah ya bani baiwar zane amma babana yace aikin banza ne kuma masu zane 'yan wuta ne, har ya yaga min littafi. In daina ne?

AMSA: Ɗana kar ka daina, kuma kar ka ɗaga wa mahaifinka murya. Gargaɗin da ya ji gaskiya ne akwai shi, kan surar abu mai rai yake, kuma ko a nan malamanmu na Malikiyya sun bambanta mai jiki da inuwa kamar mutum-mutumi da wanda aka zana a takarda, ka je gun malami ya warware maka. Amma ai zane yafi ƙarfin fuskar mutum. Wa ke yin zayyanar allon sauka? Alaramma ne, da tawada da launi, kuma ba a taɓa ce masa ɗan wuta ba. Aska takwas ɗin da ke gaban babbar rigar babanka sai da wani ya zana ta a kan yadin kafin a sa allura. Dagin da ke saman ƙofar zaure magini ne ya fitar da shi da hannu kan ɗanyen yaɓe. Babban Gwani Muhammadu Durugu da ya gina masallacin Juma'a na Zariya zamanin Sarki Abdulkarimu, wajajen shekarun 1830, da ƙasa da azara ya ɗaga bakan gizon rufin masallacin da har yau masana gini ke zuwa kallo, kuma ɗakin Allah ya ƙawata da wannan baiwar. Ladi Kwali da ke bayan naira 20 maginiyar tukwane ce. Kai da kake Kura ma, garin rini da bugu da turkuɗinsa ke kaiwa har gun Buzaye, ai a cikin sana'ar ido ka tashi.

Ranar da ka samu kuɗin mota ka shiga birni ka je Gidan Makama, gidan da ake dangantawa da Sarki Muhammadu Rumfa wanda yayi mulki 1463 zuwa 1499, ka ɗaga kai ka kalli rufin soro da kyau, daga nan ka wuce karofin Ƙofar Mata ka ga yadda ake ƙulla zane kafin a tsoma a baba. Ka tafi da fensir da takarda ka kwafo abin da ya burge ka. In ka dawo ka zauna ka zana Bismillah da zayyana mai kyau a kwali, ka kai wa baba kace ka yi masa ne ya rataye a zaure, in ya karɓa sai ka nemi kawunka ko wani aminin baban ya tayar masa da maganar karatun zane a jami'ar Ahmadu Bello, don suna da sashen a Zariya.