Da Muguwar Rawa Gwamma Ƙin Tashi: Wa Ake Faɗa wa Wannan?

Tambayoyin wannan karon sun haɗu a wuri guda ba tare da masu su sun san juna ba, duk a kan tsoron kuskure suke. Zan fara da wadda ta fi neman bayani.

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce mai sha'awar zane. Na tanadi takarda da fenti da burushi, amma duk sanda na zauna sai hannuna ya ƙi, don ina gudun in ɓata. Da na faɗa wa yayana sai ya ce, "Ai da muguwar rawa gwamma ƙin tashi." Shin Bahaushe cewa yake wanda bai iya ba kada ya fara?

Amsa: 'Yata, yayanki ya kawo karin maganar daidai, wurin ajiye ta ne ya kauce masa. Ki duba kalmar da ke ɗauke da nauyinta, wato "muguwa". Mugu a Hausa abin da ke cutarwa ne ko yake jawo ɓarna: mugun ciwo, muguwar shawara, mugun nufi. Muguwar rawa ita ce wadda mai ita zai tashi ya tattake mutane, ya rikita wa makaɗi kiɗa, ya kunyata waɗanda suka zo da shi. In kin kasa kunne inda manya ke jefa wannan magana, za ki ji a kan wanda ya shiga sulhu ya ƙara hura wuta ne, ko wanda ya zo taimako ya bar mai matsala cikin wahalar da ta fi ta da. Duk aikin da ɓarnarsa za ta faɗa kan wani ke nan. To layin da ya karkace a takardarki, wa ya cuta?

Sannan karin magana ba doka ba ce, kowace da lokacinta. Bakin da ya ce "sannu ba ta hana zuwa" shi ya ce "da zafi-zafi akan bugi ƙarfe", kuma babu wanda ya taɓa cewa Bahaushe ya yi tufka da warwara. Wadda ta dace da mai koyo tana nan, "da koyo akan iya", ga kuma 'yar'uwarta, "sai an gwada akan san na ƙwarai".

Kin ce kina tsoro. Ni a ganina abin da ke riƙe miki hannu sunansa kunya. Hausawa sun raba su tun tuni da suka ce "tsoro na daji, kunya na gida": tsoro na abin da zai ji maka ciwo ne, kunya kuwa ta idon mutane ce. Takarda ba ta cizo. Abin da kike hangowa shi ne fuskar wanda zai ɗauki zanen ya taɓe baki, har kike jin fargaba, wato faɗuwar gaba, tun kafin ki ja layi ɗaya. Kalmar ma daga nan ta fito, "faɗ" ce ta koma "far" kamar yadda ake cewa "ya far masa" a maimakon "ya faɗa masa". Maganin kunya kuwa ya fi na tsoro sauƙi. Ki ware littafi guda wanda kin yi wa kanki alkawari babu mai ganinsa, ki cika shi.

Masu zanen ƙasar Italiya suna da kalma ga gyaran da mai zane ya yi a kan abin da ya fara zanawa, suna ce masa pentimento, daga kalmarsu ta nadama. Fentin mai yakan yi shara-shara idan ya tsufa, sai abin da aka rufe ya riƙa leƙowa. A gidan adana zane na Prado da ke Madrid akwai hoton Sarki Filib na Huɗu a kan doki, aikin Velazquez, ɗaya daga cikin gwanayen ƙasar Sifaniya a ƙarni na 17. Wanda ya dube shi da kyau zai ga inuwar ƙafafun dokin a inda aka fara sa su kafin a matsar da su. Mutane na bin layi su kalle shi da inuwar tasa a jiki.

Tambaya: Mene ne bambancin kuskure da ganganci da sakaci? Kuma "kada ka kuskura" daga kuskure ta fito?

Amsa: Ɗan'uwa, ka fara da aikatau, wato kalmar aiki, kafin suna. Ana cewa "kibiya ta kuskure barewa", "dutse ya kuskure shi", wato an auna, an saki, abin ya kauce. Kuskure ke nan a asalinsa, rashin samun abin da aka nufa. A ciki akwai niyya mai kyau da ƙoƙari da rashin dace. Saboda haka wanda bai taɓa ɗana baka ba, ba ya cikin masu kuskure, haka nan ba ya cikin maharba. Larabci ma haka yake amfani da kalmarsa ta kuskure ga kibiyar da ta kauce.

Ganganci kuwa mutum ya san haɗarin ya shiga da idonsa biyu. Sakaci shi ne ya san abin da ya kamata ya kula da shi ya yi ko-oho. Tsautsayi ba ya ma hannunsa, shi ya sa ake cewa ba ya wuce ranarsa. Akwai ƙananan 'yan gidan irin su suɓutar baki da tuntuɓen alƙalami, akwai kuma manya irin su katoɓara da ɓaranɓarama, waɗanda sai a gaban jama'a suke cika sunansu. Mutanen da ke azabtar da kansu yawanci suna ɗaukar kuskure ne su yi masa hukuncin ganganci. Alƙur'ani ya raba su a Suratul Ahzab aya ta 5, inda ya ɗauke laifi a kan abin da aka yi bisa kuskure, ya bar shi a kan abin da zukata suka yi da gangan.

"Kuskura" da "kuskure" tushensu ɗaya, amma ita ta tafi ta zama gargaɗi. "Kada ka kuskura ka taɓa" na nufin ko da wasa kada ka yi gigin taɓawa. Jam'in kuskure kuwa kurakurai ne, wasu kuma kan ce kusakurai. Ni a haɗe nake rubuta shi, ba na sa masa karan ɗori a tsakiya.

Tambaya: Malam, na rubuta labari na gama, amma kullum na karanta sai na ga abin gyara. Abokina ya ce in yi hattara, "garin gyaran gira a rasa ido". Ni kuma na san ana cewa "gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba". Wanne zan bi?

Amsa: Duk biyun, amma kowacce a ranarta. Ta biyun ba a kan yawan gyara take ba, a kan karɓar gyara take: in wani ya ce maka kayanka sun karkace, ba so yake ya ƙwace maka su ba, don haka kada ka ɗauki shawara a matsayin gaba. Ka ba wa masu karatu biyu ko uku labarin, ka ji abin da za su ce, wannan aikinta ke nan. Ta farkon ita ce taka a yau. Gira ado ce, ido kuwa da shi ake gani. Akwai gyaran da ke taɓa abin da labari ke tsaye a kai, kamar tauraron da halinsa ya sauya babu dalili, ko ƙarshen da bai fito daga farkon ba. Akwai kuma wanda ake cire kalma yau a mayar da ita gobe. In ka ga ka fara mayar da abin da ka cire makon jiya, to ka bar ido ka koma gira, kuma wuƙar na hannunka.

Wannan ciwo tsoho ne. Akwai wata magana da ake jingina wa Alƙali Al-Fadil, babban magatakardan Salahuddin Al-Ayyubi. Shi Alƙalin ya rasu a shekarar 1200. Ma'anar maganar ita ce babu wanda zai rubuta littafi yau face gobe ya ce da an sauya wannan da ya fi kyau, da an ƙara wancan da ya fi armashi, da an bar wane da ya fi dacewa, kuma wannan shaida ce ta tawayar ɗan Adam. Hausawa sun dunƙule zancen cikin lissafi, "ɗan Adam tara yake bai cika goma ba". Ka lura ba su ce ɗaya yake ko biyu ba. Tara suka ba shi, maki mai yawa, suka riƙe guda. Kalmar "ajizi" da muke haɗawa da ita daga Larabci take, ma'anarta mai gazawa.

Waɗanda suka nace sai sun cika goman sun bar mana darasi mai ɗaci. Marubucin Rasha Nikolai Gogol ya ƙone rubutun kashi na biyu na babban littafinsa a watan Fabrairun 1852, bai ƙara mako biyu a duniya ba. Claude Monet na Faransa ya lalata zanensa aƙalla 15 a 1908, ana dab da baje kolinsu a Paris, sai da aka ɗage bikin zuwa 1909. Leonardo da Vinci ya karɓi aikin wani babban zane a Florence a 1481, ya tafi Milan ya bar shi ba a gama ba, haka yake har yau. Ba ina cewa duk abin da aka ƙone gwaninta ce ba, wani ƙila ya cancanci wutar. Sai dai mai aikin da ya gaji da kallon aikinsa shi ne mafi raunin alƙalinsa, kuma wuta ba ta da ɗaukaka ƙara.

Tambaya: Ni mutum ne mai son komai ya bi ta hannuna, a wurin aiki da cikin iyali. Ana yawan ce mini in saki jiki, in fawwala wa Allah. Wannan ba shi ne "saki reshe kama ganye" ba? Ina iyakar tawakkali da sakaci?

Amsa: Malam, tambayarka ta taɓa kalmar da ke da fuska biyu. "Saki" na iya zama yabo: sakin fuska fara'a ce, sakin hannu kyauta ce, sakin jiki natsuwa ce. Tana iya zama zargi: sakin baki, sakin layi, ko a ce "an yi sake ɗan zaki ya girma". Abin da ke raba su shi ne me aka saki, kuma yaushe. Mai saki reshe ya kama ganye ya bar abu mai ƙarfi da ke hannunsa don kwaɗayin wanda ba zai ɗauke shi ba. Kai kuma abin da ake roƙon ka saki ba ya hannunka tun farko: ra'ayin ɗanka da ya girma, yadda abokin aiki zai yi abin da ka ba shi, abin da gobe za ta zo da shi. Riƙon da kake yi musu gajiya kawai yake ƙara maka, su kuma ya hana su koyo, don wanda ba a bari ya yi kuskure ba ba zai iya ba.

Tawakkali yana da tsari, kuma aiki ne a gaba. A Suratu Ali Imrana aya ta 159 an fara da shawara, sannan ƙudurta niyya, sannan dogaro ga Allah. Tirmizi ya ruwaito daga Anas ɗan Malik cewa wani ya tambayi Annabi (SAW) ko ya ɗaure taguwarsa ya yi tawakkali, ko ya sake ta ya yi tawakkali, sai ya ce masa ya ɗaure ta ya yi tawakkali. Hausawa suka ce "Allah ya ce tashi in taimake ka", suka kuma ce "kana naka Allah na nashi". Ta farko ga malalaci, ta biyu ga irinka.

"Fawwala" daga Larabci take, daga kalmar da ta zo a Suratu Gafir aya ta 44, ma'anarta miƙa al'amari ga wanda zai yi hukunci a kansa. Harafin Larabcin da ke ƙarshenta ya koma "l" a bakin Bahaushe, kamar yadda ya koma a alƙali da alwala da larura da lamiri da farilla. "Dangana" kuwa tamu ce ta gida, daga jingina abu a jikin wani abu, kuma an fi faɗar ta bayan rashi, lokacin da aikin gama ya gama. Kada ka haɗa su da "saduda", wadda ke nufin an fi ƙarfinka ka miƙa wuya.

Tambaya: Na ji ana cewa "tuntuɓe gushin gaba". Me ake nufi?

Amsa: Gushi daga "gusa" yake, wato matsawa. Wanda ya yi tuntuɓe gaba yake tunkuɗawa, sai ya ga ya ci tazarar da bai yi niyya ba. Ana faɗar ta ga ɓacin da ya zo da alheri. A 1856 wani ɗalibi ɗan shekara 18 a Landan, William Perkin, yana ƙoƙarin haɗa kwinin, maganin zazzaɓin cizon sauro, sai ya samu wani baƙin dagwalo a ƙasan kwalba. Da ya zuba masa sinadarin wankewa sai ya ga launin shunayya ya fito, ya gwada a siliki ya ga ya kama. Amma fa karin maganar ba ta yi wa kowane tuntuɓe alkawari ba, wani yatsa kawai yake fasawa. Perkin bai samu kwinin ɗin ba har abada. Rajistar rinin ya yi a shekarar, ya bar makaranta, shi da mahaifinsa da ɗan'uwansa suka kafa masana'anta a 1857.