Tambaya da Amsa: Siminti ya ɓace a shagona, yarda ma ta bi shi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon sayar da kayan gini a nan Sakkwato, kuma mutum shida ke aiki a ƙarƙashina: mai kula da sito, mai karɓar kuɗi, direba da 'yan dako uku. Wata biyu da suka wuce na ƙirga siminti na tarar babu buhu 14. Na tara su na yi faɗa, na ce ɓarawon yana cikinsu, sannan na zaftare wa kowa wani abu a albashinsa. Tun daga ranar kowa yake kawo mini maganar ɗan'uwansa a ɓoye, har sun daina cin abinci a kwano ɗaya. Yaya zan dawo da yarda a tsakaninmu?
Daga wani mai karatu, Mabera, Sakkwato

Amsa: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Allah ya mayar maka da alheri. Ka yi haƙuri da abin da zan fara faɗa, domin gyaran daga wurinka zai taso. Ranar da ka kira mutum shida ɓarayi ba tare da hujja ba, idan ma akwai mai laifi a cikinsu, to ka haɗa shi da masu gaskiya ka yi musu kuɗin goro, kuma ka nuna musu cewa hanyar tsira ita ce kowa ya shafa wa wani kashin kaji. Tsegumin da suke kawo maka tsoro ne ya haife shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Don haka ka sake tara su, a wurin da ka yi musu faɗa, ka ce ka yi gaggawa, ka mayar wa kowa kuɗinsa a hannunsa. Na san wannan yana da nauyi a kan maigida, musamman a gaban yaran da ya girme su, amma ban san wani abu da ke kwantar da zuciyar ma'aikaci kamar ya ga mai biyansa ya amsa kuskure da bakinsa ba. Daga nan kuma ka rufe ƙofar gulma: duk wanda ya zo da zance a kan wani, ka ce masa ya tsaya a kira mutumin. Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta umarce mu da bincika labari kafin mu yi aiki da shi, ta 12 kuma ta hana yawan zato da bin diddigin juna.

Abin da nake zargin ya ɓatar da buhunan nan shi ne rashin rubutu. Mutanenmu suna jin kunyar rubuta lissafi tsakaninsu da wanda suka yarda da shi, alhali aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi, kuma muminai aka faɗa wa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Idan mota ta kawo siminti daga masana'antar da ke Kalambaina, mai sito da direba su ƙirga tare yayin da ake saukewa, su sa hannu a littafi ɗaya, a kuma rubuta buhun da ya fashe a lokacin. Kada buhu ya fita sai da rasit. Kowace Alhamis a ƙirga abin da ke ƙasa a gaban kowa.

Sai dai littafin nan ba zai yi amfani ba idan kai ba ka cikinsa. Sau da yawa maigida ne ke cewa a ba wani amininsa buhu biyar bashi, ko a kai uku gidan da yake ginawa, ya manta, daga baya a nemi kaya a rasa. Ka zama na farkon sa hannu a duk abin da ka ɗauka, kuma ka bai wa mai sito izinin ya tsayar da kai har sai ka rubuta.

Saura albashi. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota da na abinci suke cinye abin da ƙaramin ma'aikaci ke samu, saboda haka jinkirin kwana uku ma yana iya jefa shi cikin bashi. Ka sa ranar biya, ka faɗa musu ita, kuma idan ciniki ya yi ƙasa har za ta wuce, ka sanar da su tun kafin ta zo.